Yadda za ka gwada tasirin fosfet a ruwa da roba uku

Mu a Zariya teku ya yi mana nisa, amma ruwanmu can yake ƙarewa. Kubanni ya zuba a Galma, Galma ya shiga kogin Kaduna, shi kuma ya haɗu da Neja har Tekun Atlantika. Wannan gwajin, na ganin abin da fosfet (wani sinadari da ke cikin takin zamani) ke yi wa ruwa, shi nake sa ɗalibaina su yi a Samaru, kuma ko sisi ba ya ci.

Ka nemi robar ruwa uku masu haske, ka wanke su tas. Ka cika su da ruwan kududdufi ko na Kubanni. Kada ka yi amfani da ruwan famfo, domin maganin da ake zuba masa yana kashe ƙananan halittun da muke son gani.

Ta farko ka bar ta haka. Ta biyu ka jefa mata ƙwayar takin sufa biyu ko uku. Ta uku ka sa mata kamfa daidai wannan adadi. Kada ka cika hannu, taki da yawa ɓata gwajin yake yi. Ka ajiye su a bakin taga, a buɗe, inda haske ke isa amma ranar tsaka ba ta dukansu.

Cikin mako ɗaya zuwa biyu masu takin za su fara kore, yawanci ta kamfa ta fi, saboda ta haɗa fosfet da naitirojin. Gansakuka ce ta samu abinci. Asali fosfet daga dutse yake fitowa, musamman ma'adinin afatayit, yana narkewa a hankali, koguna su kai shi teku, ƙananan tsirran da kifi ke rayuwa a kansu su ci. Masani Alfred Redfield ya nuna cewa ƙwayar fosforas (sinadarin da ke cikin fosfet) ɗaya suke buƙata ga kowace 16 ta naitirojin. Kaɗan ke nan. Shi kuwa sufa dutsen ne aka jiƙa da asid don ya narke da wuri.

Yanzu ka rufe wadda ta fi kore, ka sa ta cikin duhun kabad na wasu kwanaki. Idan ka buɗe, wari zai tarbe ka. Gansakukar ta mutu, ƙwayoyin bakteriya sun ruɓar da ita, suka shanye iskar oksijin ta cikin ruwan. Wannan matakin ya fi damuna, domin haka yake faruwa a Tekun Baltik da ke Turai, da mashigin Tekun Meziko inda kogin Misisipi ke kai takin gonakin Amurka. A 2017 yankin da iska ta yi ƙaranci a mashigin Meziko ya haura murabba'in kilomita 22,000. Kifi ya gudu, abin da ba ya iya gudu ya mutu.

Don Allah kada ka sa kifi a gwajin, kada kuma yaro ya sha. In ka gama, ka juye ruwan a gindin shuka, ban da kwata, sannan ka wanke hannu da sabulu.