Kasuwar Sallah daga teburin tela ake lissafa ta

Shekarar da na fara sayar da atamfa ta waya, sai da azumi ya kai ashirin na shiga Kantin Kwari na yi sari. A lissafina Sallah saura kwana goma, lokacin ne mutane za su kwance bakin jaka. Na ɗora hotuna a status na WhatsApp, aka yi ta "Masha Allah, kaya sun yi kyau", ciniki kuwa shiru. Wata baiwar Allah ce ta faɗa min gaskiya: "Hajiya, in na saya wa zai ɗinka min? Telana ya rufe karɓar ɗinki tun azumi na goma." Rabin kayan nan sai gab da Babbar Sallah suka fita, jarina yana kwance a cikin akwati.

To 'yar uwa, in yadi kike sayarwa, atamfa ce ko leshi ko shadda, ki manta da ranar Idi. Ranar da teloli ke rufe karɓar ɗinki ita ce ranarki, daga ita za ki ƙirgo baya. Ki tambayi teloli biyu ko uku na unguwarku yaushe suke rufewa. Ki cire mako guda na tura kaya, ki cire mako biyu na talla da ciniki. Za ki ga lissafin ya kai ki cikin Sha'aban. Nan ne lokacin sari, kafin kasuwa ta cika ta batse, 'yan sari daga Nijar da Chadi da Kamaru su kwashe zane masu kyau, farashi kuma ya ɗaga.

Kada ki dogara da watan Bature. Watanmu yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2024 mun ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, muka yi Sallah 10 ga Afrilu. A 2025 kuwa 1 ga Maris aka ɗauka, 30 ga Maris aka sauke. Abin da ya sa nake duba wannan shi ne albashi. In Sallah ta faɗo ƙarshen wata, albashin da ma'aikaci zai yi kayan iyali da shi na watan da ya gabata ne, domin na wannan watan zai iso bayan tela ya rufe. Saboda haka tallata mafi ƙarfi a makon da albashi ke shiga nake yin ta.

Kayan kuma ba tare suke tafiya ba. Yadi ne ke fara fita. Daga tsakiyar azumi sai hankali ya koma kan abin da ba ya buƙatar tela: abaya, mayafi, takalmi da jaka, kayan yara ɗinkakku, hula. A goman ƙarshe turaren wuta da humra da lalle ke ci. Ni nakan ajiye wani kaso na jari domin wannan zango, saboda wadda tela ya yaudara, kuma duk shekara akwai su, dole ta nemi doguwar riga ɗinkakkiya ana jibi Sallah, ba ta kuma tsayawa dogon ciniki.

Sai lokacin ɗora hoto. Da azumi, daga la'asar zuwa magariba mata na kicin, babu mai duba waya. Bayan an sauko daga tarawihi, ciki ya ɗauka, jiki ya yi sanyi, nan ake zama a duba status. Bayan sahur ma akwai masu dubawa kafin su koma barci. Status kwana ɗaya yake yi ya ɓace, don haka kada ki zuba hoto hamsin a lokaci guda, mutum zai gaji tun a na bakwai. Biyar zuwa goma sun isa, kowanne da farashinsa a rubuce. Wannan "ki biyo ni ta ciki mu yi magana" yana korar mai kunya, kuma ke ma zai cinye miki daren da ya kamata ki yi ibada. Sauran kayan ki jera su a katalog na WhatsApp Business. In za ki tura saƙo ga mutane da yawa lokaci ɗaya, ki sani jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarki zai samu. Shi ya sa duk wadda ta saya nake roƙon ta ajiye lambata kafin mu yi sallama.

Hoto kuwa a hasken rana, a inuwar tsakar gida, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Na taɓa tura turmi uku Gombe, mai kayan ta ce ita ruwan toka ta gani a waya, ga shi an kawo mata shuɗi. Laifin fitilar ɗakina ne, ni na biya kuɗin motar dawowa. Yanzu nakan haɗa da ɗan bidiyo ina juya zanen a hannu, in kuma faɗi sunan kalar da bakina.

Ragi ba dole ba ne. Kayan Sallah ko babu ragi za a saya, abin da mai gida yake so shi ne a rage masa wahala. Ki haɗa masa kunshi: turmin uwargida da mayafinsa, shadda yadi biyar ta yaro, ki faɗi kuɗinsu a dunƙule. Ɗan kwalbar humra kyauta a cikin leda ya fi ragin da zai cinye ribarki, kuma shi ake tunawa da shi.

Ki sanar da ranar da za ki rufe tura kaya zuwa wasu garuruwa, ki tsaya a kanta ko wace ce ta roƙa. Makon Sallah tasha cike take da fasinja, direba ya fi son mutum a kan ƙunshi, kuɗin mota ya hau, kaya na iya kwana biyu a tasha babu mai ɗauka. Ni saura kwana biyar nake rufewa, daga nan sai 'yan cikin gari. Kuma kada kaya su bar hannunki don an turo miki hoton rasit. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki. Masu alat na bogi sun san lokacin da kanki ya ɗau zafi, a lokacin suke zuwa.

Babbar Sallah tana biyo baya da wata biyu da kwana goma, amma kada ki yi mata sari irin na ƙarama. Kuɗin gida rago ya tafi da su, mutane da yawa kayan ƙaramar Sallah suke maimaitawa. Mai kayan ƙamshi da yajin nama da robobin ajiye suya ita ke dariya a lokacin. Ni yadina nakan juya shi wajen masu haɗa lefe da masu fitar da anko, tunda biki ba ya yankewa, ya kuma fi yawa kafin azumi, lokacin da kowa ke son amarya ta tare kafin a ga wata.

Ranar Hawan Daushe, gari ya tafi kallon dawakai, ni nakan zauna da littafina. In rubuta zanen da ya ƙare da wuri, wanda ya kwanta, ranar da ciniki ya fi zafi, direban da ya cika alkawari, da sunan duk wadda ta nemi abu ban da shi. Su nake fara turawa hotuna in Sha'aban ya kama.