Ga masu shirin doguwar tafiya a kan babur

Jama'a, mai shirin keta ƙasashe a babur kada girman inji ya ruɗe shi. Ku zaɓi wanda kowane bakanike ya san cikinsa, irin Bajaj Boxer. Daga Kano har Yamai kayan gyaransa ba sa wuya. Babba mai kwamfuta in ya mutu a daji, sai dai a ɗora shi a mota.

Batun ɓarayi kuwa, makullin wuya kaɗai ba ya tsare komai, nan take ake karya shi. Ku zura sarƙa mai kauri ta ƙarfen jikin babur ɗin, ba ta taya ba, ku ɗaure a turke. Bakanike ya ɓoye muku makunnin yanke wuta. Da dare a shigar da shi cikin gida, ko da za a ba mai gadi ɗan wani abu.