Yadda za ka zaɓi bakin rauta: mai jan dusa sama ko mai tura ta ƙasa

Kafin ka ɗaura murɗaɗɗen baki a injin rauta, wato injin kafinta mai juya baki da sauri don fitar da tsagi ko rami a katako, ka fara tantance abu biyu: wace fuskar katako ce ido zai gani bayan an gama aiki, kuma ta ina dusar katakon za ta fita. Gane bakin ba shi da wuya. Ka ajiye shi kusa da bakin injin huda. Idan murɗinsu ya bi hanya ɗaya, mai jan dusa sama ne, idan kuwa ya saɓa, mai tura ta ƙasa ne.

Mai ja sama shi ne na rami mai zurfi, kamar ramin da za a cusa kan wani katako a ƙafar tebur, domin yana kwashe dusa yana fitarwa, bakin kuma ba ya saurin zafi. Illarsa ita ce yana ɗaga zaren katako, ya bar gefen sama da gashi-gashi, a kan fomika kuwa sai ka ga gefen ya ɓantare kamar ɓera ya gaigaya. Yana kuma fizgo katakon zuwa wajen inji, saboda haka a danne shi da maɗauri sosai.

Mai tura ƙasa yana danne zaren, ya bar fuskar sama sumul, shi ya sa na fi son sa wajen fitar da tsagi marar zurfi a filawud ko allon da aka lulluɓe da fomika. Amma a nan ne nake yawan jan kunnen yaran shago, domin dusar ba ta da mafita, a cikin tsagin take cunkushewa. Idan bakin milimita 6 ne, kada zurfin kowane zagaye, wato bi ɗaya na yanka, ya wuce milimita 3, a tafi a hankali, a tsaya a share dusa. Da zarar ka ji ƙaurin ƙuna ko ka ga bangon tsagin ya yi baƙi, ka kashe inji, domin dusar da ta matsu tana iya kamawa da wuta. Kada kuma a nutsa shi kai tsaye kamar ana huda.

Idan za a yanke allo har ƙasa kuma ana son fuskokin biyu su fita tsaf, akwai baki mai haɗe da murɗi biyu: tsininsa yana ja sama, jikinsa yana turawa ƙasa. Sharaɗinsa shi ne zagayen farko ya nutse ya wuce sashen tsinin, in ba haka ba zai ɓantare fuskar sama kamar yadda mai ja sama yake yi.