Kunun wata shida: yadda nake haɗa garin yaro a gida

Jariri idan ya cika wata shida, nono kaɗai ya daina isarsa, musamman ta wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini, domin wanda ya zo da shi daga ciki yana ƙarewa a daidai wannan lokacin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, daga nan a fara abinci, nonon kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Za ki ma ga alamar da kanki: wuyansa ya tsaya, yana zama idan an tokare shi, yana bin lomarki da ido, yana kai wa kwano cafka.

Abin da yawancinmu ke fara bayarwa koko ne, tsararo, a ɗura a fida. Kamun da aka tace an riga an raba shi da dusarsa, aka kuma tsinka shi da ruwa don ya bi ta bakin fida. Cikin yaron kuwa bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Ya cika shi da ruwa, ya yi gyatsa, uwa ta ce ya ƙoshi, a je awo a tarar nauyi ya tsaya cik. Ni dai shawarata, 'yar uwa, ki ajiye fidar nan, ki ɗauko kofi da ƙaramin cokali, kunun kuma ya yi kauri.

Garin da nake yi shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Da gwangwanin madara nake awo: hatsi gwangwani 6, waken soya 3, gyaɗa 1. Hatsin kina iya haɗa gero da dawa da masara, biyu-biyu. In gero kaɗai gare ki ya wadatar, ni ma shi na fi so don ƙamshinsa.

Ki tsince hatsin, ki rege shi tsaf saboda tsakuwa, ki shanya. Waken soya shi ne mai aiki, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata garin. Ki jiƙa shi ya kwana, ki tafasa kamar minti 30, ki murje ɓawon ya fita, ki shanya har ya bushe ƙayau. Waken da bai sha wuta ba yana da ƙarni, yana kumbura ciki, jiki kuma ba ya cin moriyarsa yadda ya kamata. Gyaɗa kuma ɗaya bayan ɗaya ake duba ta. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi fumfuna, zubar da ita, haka ma masara. Fumfunar nan tana barin guba mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Kar ki ji asarar ƙwaya goma.

Sai ki soya kowanne daban a kasko, ba mai, da wuta kaɗan-kaɗan, har ya yi ja-ja ya fara ƙamshi. Daban-daban, domin gero na ƙonewa tun wake bai ji wuta ba. In sun huce ki haɗa ki kai inji. Ki tsaya a kan mai injin ya kakkaɓe shi, kar ya zuba miki bayan niƙan barkono. Ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki zuba a roba mai murfi. Ki yi na mako biyu ko uku kawai, don man gyaɗar yana sa gari ya canja wari idan ya daɗe, balle lokacin bazara.

Wajen damu, ba irin na koko ba ne da ake sheƙa tafasasshen ruwa a juya a sauke. Ki kwaɓa cokali biyu ko uku na garin da ruwan sanyi, ki zuba cikin ruwan da ke tafasa, ki yi ta juyawa ya dahu kamar minti 10. Ki ɗebo a cokali ki karkata: in ya zube sharr, ruwa ya yi yawa, in ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi. Ki sa ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa. Idan yaron na wahalar haɗiyar mai kauri, akwai dabarar masu kunun zaƙi: ɗan garin tsiron gero ko na dawa, a barbaɗa bayan kunun ya ɗan sha iska. Nan take zai saki ba tare da an ƙara ruwa ba, sai ki mayar wuta ya sake tafasa.

Ban da sukari, ban da gishiri, ban da magi, kanwa da yaji kuwa na mai jego ne. In zaƙi kike so, dama masa nunanniyar ayaba a ciki. Zuma sai ya shekara, duk da albarkar da ke cikinta, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna.

A kwanakin farko cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana, bayan ya sha nono. Ki fara da kunun gero zalla, sannan ki kawo mai waken da gyaɗar, domin in wani abu bai karɓe shi ba ki gane wanne ne. Ƙuraje masu tashi farat ɗaya, kumburin leɓe ko ido, amai, ko numfashi da ƙyar, wannan na asibiti ne nan take. Daga wata 6 zuwa 8 ki riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi, sau biyu ko uku. Daga wata 9 zuwa 11, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Kunu kaɗai ma ba ya yi. Kabewa, karas, dankalin Hausa mai jan ciki, ki dafa su luguf ki murƙushe da bayan cokali. Wake a cire masa ɓawo a dafa har ya narke. Garin zogale ko na kuka a barbaɗa kaɗan. Gwanda da mangwaro ba sa bukatar wuta. Amma masu gina jinin su ne hanta, nama, kifi da ƙwai. 'Yar hantar kaza a dafa a daka lukui, ko busasshen kifi a zare ƙayarsa tsaf a daka a tankaɗe cikin kunu. Maganar kakanni cewa yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama, Allah Ya ƙara wa iyaye daraja, amma ki dafa masa ƙwan ya dahu sosai ki ba shi. Wajen wata takwas zuwa tara zai iya cin tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, ki ɗebe tasa kafin ki sa barkono da magi. Shayi kuwa yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe, ki bar shi ga manya. Gyaɗa guda-guda, aya da dabino mai ƙwallo suna shaƙewa, a nisanta su da hannunsa.

Gudawar da ake ɗora wa haƙori, sau da yawa daga hannu da kwano take. Wanke hannunki da nasa da sabulu, kwanonsa da cokalinsa su zama nasa shi kaɗai. Kunun da ya wuce awa biyu a ajiye ba na yaro ba ne kuma, ki dama daidai cikinsa.

Zai tofar, zai kau da kai, wani abincin sai an kawo masa sau da yawa kafin ya karɓa. Ki zaunar da shi a cinya yana kallonki, ki bi shi da lallashi, in ya ƙi ki bari sai anjima. Ɗure dai kar ki yi, kar kuma ki bari a yi masa, ko wace ce ta ce ta iya. A kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara kunu, yana kuka yana haɗiya, kunun na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ki riƙa kai shi awo duk wata da katinsa, in nauyin ya ƙi motsi ki faɗa wa ma'aikaciyar ainihin abin da yake ci da yawansa.