Yadda za ka zaga dajin Pfalz na Jamus a kan keken burji, ka ga kufan sarakuna ba tare da ka galabaita ba

Ranar farko da na shiga dajin nan da keke na duba taswira na ga kilomita arba'in ne kawai, na ce ai wannan kafin azahar na dawo gida, ashe ban duba hawa ba. La'asar ta same ni ina tura keke a wani tudu ƙafa na karkarwa, ruwan gorata ya ƙare, wani tsoho da ya kusa jika da ni ya wuce ni a kan keke mai batir yana ɗaga min hannu. Shi ya sa na ce bari in rubuta wa 'yan'uwa da ke zaune a Kaiserslautern ko Karlsruhe ko Mannheim, da masu zuwa karatu, yadda ake yin abun.

Dajin sunansa Pfälzerwald, yana kudu maso yammacin Jamus a jihar Rheinland-Pfalz, ya kai wajen murabba'in kilomita 1,800 kuma ya zarce har cikin Faransa, a can ne sunansa ke canzawa. UNESCO ta sa shi cikin dazukan da ake karewa a 1992, a 1998 aka haɗe shi da na ɓangaren Faransa. Ƙasar wurin ja ce, dutsen yashi ne, in ka ga hanyoyin da masu yankan katako ke bi sai ka rantse burjin ƙauyenku ne aka ɗauko, sai dai babu ƙura kamar tamu kuma inuwa ba ta yankewa. Amfanin wannan ƙasa shi ne ko an kwana ana ruwa da safe ta tsotse, babu caɓi sosai. Illarta kuma, in an daɗe ba ruwa sai ka faɗa rairayi a gindin gangara, tayar gaba ta nutse kan keke ya karkace. In ka hango yashi ya taru kar ka damƙe birkin gaba, ja jikinka baya, sassauta hannu, ka ci gaba da taka feda har ka fita.

Keken da ake cewa na burji kamar keken tsere yake, kai mai lanƙwasa, amma tayarsa ta fi kauri kuma tana da 'yan haƙora. Taya mai faɗin milimita 40 zuwa 45 ita ce daidai a nan, kuma don Allah kar ka ɗura mata iska ta yi tauri kamar dutse yadda mai facin unguwa ke yi mana, rage ta ta ɗan yi laushi in ka danna da babban yatsa, hakan ne zai sa ta riƙe ƙasa kuma bayanka ya huta. Giya fa (ta keke nake nufi) ita ce babbar magana, ka tabbata kana da mai laushi sosai ta hawa, don duk wani abin tarihi da za ka je gani a dajin nan a kan tsauni aka gina shi, mutanen zamanin da ba sa gina fada a kwari. In ba ka da irin wannan keken kar ka ce sai ka saya, keken gari mai giya da taya mai kauri zai yi maka hanya ta farko da zan faɗa. Sai hular kwano, tub guda ko biyu, famfo, faci da sholisho, ɗan makullin ɗaure keke, fitila, da fawa bank. Babu mai faci a gindin bishiya a nan, kai ne mai facin kanka, ka koya a ɗaki tun kafin ka fito.

Lissafin da nake yi yanzu ba na kilomita ba ne, na hawa ne. Manhajar Komoot ko makamanciyarta za ta nuna maka jimillar mitocin da za ka hau, sabon shiga kar ya wuce 500 a rana, wanda ya saba zai iya 1,000. Ka sauke taswirar a waya tun daga gida saboda sabis na ɗaukewa a kwaruruka da yawa. Kuma ka duba inda manhajar ke son jefa ka, dokar jihar ta yarda a hau keke a manyan hanyoyin daji, amma siraran hanyoyin masu tafiya a ƙasa ba naka ba ne sai inda aka sa alamar keke.

Zuwa wurin da jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Akwai layin da ya tashi daga Landau zuwa Pirmasens, yana tsayawa a Annweiler da Wilgartswiesen da Hauenstein da Hinterweidenthal, duk bakin daji ne. A jiragen yankin keke kyauta ne daga ƙarfe 9 na safe a ranakun aiki, Asabar da Lahadi kuma duk yini, sai dai ranar da rana ta fito tarago na cika da kekuna, ka sammaka.

Hanyar da nake fara kai baƙo ita ce daga Hinterweidenthal a bi kwarin kogin Wieslauter har Wissembourg cikin Faransa, kilomita talatin da 'yan kai in ba ka ratse ba, mafi yawanta shimfiɗe kuma ruwa kake bi yana gangara. Kafin ka tashi ɗaure keke ka taka zuwa Teufelstisch, wato teburin shaiɗan, wani dutse ne mai tsayin mita 14 da faffaɗan fale a kansa, ƙafarsa siririya kamar ka tura ya faɗi, iska da ruwa ne suka sassaƙe shi haka. Daga nan sai Dahn. A bayan garin akwai kufan fada uku a jere a kan tsauni ɗaya, Altdahn da Grafendahn da Tanstein, kuma abin da zai ba ka mamaki ba ginin ba ne, yadda suka fafe cikin dutsen kansa suka yi ɗakuna da matakala da ramukan tara ruwa, kana shafa bango kana jin sawun gatarin mai sassaƙa. Kar ka shiga da takalmin keke mai ƙarfe a ƙasa, matakalar ta yi santsi da tsufa, ni da gindi na sauko guda uku.

Bayan Dahn ne burjin gaske ke farawa in kana so. Ka bar kwarin ka ratse ta Busenberg ka nufi Erlenbach, a can fadar Berwartstein take, ita ba kufai ba ce, an sake gina ta a ƙarshen ƙarni na 19 kuma har yau da mutane a ciki, ana biyan kuɗi a zaga da kai. Akwai rijiya da aka haƙa cikin dutse zurfin mita 104, mai zagayawa da ku yakan zuba ruwa ya ce ku yi shiru, sai kun ƙirga daƙiƙu kafin ku ji ya faɗa. Mai gidan da ya fi suna shi ne Hans von Trotha wanda ya mutu a 1503, rigima ya yi da malaman majami'ar Wissembourg a kan mallakar ƙasa, sai ya datse kogin Wieslauter garin ya rasa ruwa, da suka kai ƙara sai ya fasa dam ɗin ruwa ya malale musu gari. Har gobe a yankin Alsace na Faransa, inda Wissembourg take, da sunansa ake tsorata yara, Hans Trapp, dodonsu ke nan. In ka gangaro Niederschlettenbach za ka wuce ɗan ƙaramin cocin da aka binne shi, daga nan ka koma bakin kogin da ya datse ka bi shi har garin da ya jiƙa. Iyakar Jamus da Faransa tana St. Germanshof, babu shinge babu kowa, a nan ne a watan Agusta 1950 ɗalibai daga ƙasashen Turai suka taru suka tumɓuke sandunan kan iyaka. Amma kai ɗan'uwa ka riƙe fasfo da katin zamanka a aljihu, ana iya tsayar da mutum, kuma kai ne za a fara tsayarwa. Daga Wissembourg akwai jirgin komawa ta Landau.

Hanya ta biyu kuwa ta fadar Trifels ce, rana guda nake ware mata ko da yake ba nisa, daga tashar Annweiler hawa ne na wajen mita 300 ba hutawa. Akwai kwalta har wurin ajiye motoci, akwai kuma hanyoyin daji, ni nakan hau ta daji in sauko ta kwalta. Dalilin da ya sa nake son kai mutanenmu nan shi ne Richard sarkin Ingila, wanda ya yi yaƙi da Salahuddin Ayyubi a kan Ƙudus. A hanyarsa ta komawa gida aka cafke shi kusa da Vienna a ƙarshen 1192, aka miƙa shi ga sarkin Jamus Heinrich na shida, a 1193 aka tsare shi na ɗan lokaci a wannan fada, bai samu kansa ba sai 1194 bayan Ingila ta tara azurfa mai ɗimbin yawa ta fansa. Wato mutumin da muka sani a tarihin yaƙin 'yan Salibiyya, a nan 'yan'uwansa Kiristoci suka yi garkuwa da shi. A fadar kuma aka riƙa ajiye kambi da kayan sarautar daular, waɗanda za ka gani yanzu kwafi ne, na asali suna Vienna. Babban zauren ma ba tsohon gini ba ne, daga 1938 zamanin 'yan Nazi aka fara sake shi, don haka kar ka ɗauka duk abin da ka gani ya shekara ɗari takwas. Ni hasumiyar da abin da ake hangowa daga samanta sun fi burge ni.

Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya gwada hanya ta uku, wajen kilomita hamsin. Sauka a Wilgartswiesen, hau zuwa ƙauyen Hermersbergerhof, ka ƙarasa Luitpoldturm, hasumiyar da aka buɗe a 1909 a kan tsauni mai mita 610, hawa kyauta ne, daga sama duk inda ka juya bishiya ce har ƙarshen gani. Daga nan burji ne zalla a kan doron tsauni zuwa Johanniskreuz, mahaɗar da 'yan babur ke cika ranar Lahadi, sai ka gangara kwarin Elmstein. A nan ka rage gudu ka dubi rafukan, za ka ga an jera musu dutse a gefe kamar kwata, ga ƙananan madatsai, aikin ƙarni na 19 ne, da ruwa suke tura itacen girki zuwa garuruwan ƙasa kafin jirgi ya zo, a tara ruwa a jibge itace a buɗe ƙofa. Ƙarshen hanya tashar Lambrecht.

Yanzu maganar ciki, wadda ba wanda ya gaya min. A cikin dajin akwai bukkokin cin abinci na ƙungiyar masu yawon daji, galibi Asabar da Lahadi suke buɗewa kuma tsabar kuɗi suka fi so. Abincin yankin kusan duk alade ne, Saumagen tumbin alade ne, Leberknödel da Bratwurst ma haka, har miyar wake sai ka tambaya don sukan jefa kitse a ciki. Abin da nake ci shi ne weißer Käse, wani farin cuku mai laushi kamar kindirmo mai kauri da burodi ko dankali, sai kek. Sannan kalmar Schorle, ka yi hattara da ita. A wasu wurare ruwan tuffa ne da soda, amma a Pfalz in ka ce Schorle kawai giyar inabi za a cika maka kofin rabin lita, wani abokina sai da ya kai baki warin ya dakatar da shi. Ka ce Apfelsaftschorle, ka faɗa a hankali har mai sayarwa ya maimaita. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi, don haka dabino da ayaba da gyaɗa tun Asabar. Ruwa gora biyu, in ka ga maɓuɓɓuga da rubutun Kein Trinkwasser to ba na sha ba ne, amma alwala ta samu. Sallaya 'yar ninkewa ba ta da nauyi, wurin sallah kuwa ba ka rasawa. Ka dai duba lokaci, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, a Disamba kuwa huɗu da rabi duhu ya fara, dajin kuma ya riga gari yin duhu.

In ka tarar an gindaya kyalle ko allo da rubutun Forstarbeiten ko Jagd ko Lebensgefahr, juya kawai, ko ana kayar da bishiya ko maharba na harbin aladen daji, an fi yin wannan daga kaka zuwa hunturu. Ba a kunna wuta, ba a shan taba a ciki. A mahaɗun hanya za ka riƙa ganin koren allo da farin gicciye da lamba a ƙasa, ka saba ɗaukar hotonsa in ka wuce, in wani abu ya faru ka kira 112 ka karanta musu lambar, da ita motar asibiti ke gano inda kake. Masu tafiya a ƙasa su ke da hanya, buga ƙararrawa tun daga nesa ka rage gudu ka gaishe su, tsofaffin nan in ka gaishe su har hanya za su kwatanta maka da Jamusancin da ko ɗan Berlin sai ya ce a maimaita.

Da ka dawo gida kafin ka zauna, shiga banɗaki ka duba bayan gwiwa da hammata da ƙugu, kaskar dajin nan ƙanana ce kamar ƙwayar riɗi kuma tana sa cuta. In ka same ta kar ka shafa mata mai ko ka ƙona ta, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, sannan ka sa ido a wurin na 'yan makonni, in ja ya fara zagaye shi yana faɗi sai wajen likita. In kuma a watan Oktoba ka je ta wajen Annweiler, tafi da leda, 'ya'yan wata bishiya da suke kira Keschde na zube a hanya cikin ɓawo mai ƙaya, a tsaga a gasa, ɗanɗanonsu kamar dankalin Hausa, sai dai ɓawon kan huda siririyar taya.