Yadda za ka ɗauki shirin yawon tarihi a Katsina da Daura ko da wayarka ce

Masu tambayata ta inbox wai ya ake haɗa shiri irin wanda NTA ko KTTV ke nunawa, na zagaya gari ana ba da tarihi, to ga abin da na sani.

Kafin ka ciro kyamara nemi izini tukuna. A Daura ba a shiga rijiyar Kusugu kai tsaye a hau ɗauka, akwai masu kula da wurin, ka gaishe su da kyau, ka faɗi daga ina kake da abin da ya kawo ka, in da ɗan abin goro ka miƙa. Fada kuwa sai ka bi ta hannun fadawa, kuma ka tuɓe takalmi inda ka ga ana tuɓewa.

Kuskuren da yaranmu suke yi shi ne surutu, mutum ya tsaya gaban rijiya minti 10 yana zuba shi kaɗai alhali ga dattijon da ya tashi a unguwar yana zaune gefe, wallahi ka bar shi ya ba da labarin Bayajidda da Daurama da macijin nan da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kai dai naka "to Baba daga nan sai me ya faru?" Wurin haɗa shirin ka riƙa cewa "ana cewa" a kan abin da aka gada a baki, shekara kuma sai wadda ka tabbatar, kamar 1903 da Turawa suka shigo Katsina, ko 1922 da aka buɗe Kwalejin Katsina inda su Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce.

Hasumiyar Gobarau da ke cikin Katsina da sassafe ake ɗaukarta ko bayan la'asar, da tsakar rana ginin ƙasa fari fat yake fita a hoto. Lokacin hunturu hazo zai ɓata maka, iska kuma ta cika makirfo, sai ka ɗaura masa ɗan soso. Pawa bank guda biyu, ka san halin wuta.

Kar ka cusa komai a kashi ɗaya. Ƙofofin birnin Katsina kashi guda, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka da sauransu, Durɓi ta Kusheyi, inda kaburburan tsoffin sarakuna suke can wajen Mani, ita ma nata daban. In kana son dawakai da algaita jira Sallar Gani a Daura cikin watan Maulidi, amma ka isa da wuri ka kama wurin tsayawa don cunkoson ba wasa ba ne.