Yadda na hana 'ya'yan kabewata ruɓewa

Kabewar da na shuka a bayan gida, irin wadda cikinta ke warwarewa zare-zare kamar taliya idan an dafa, ta yi yaɗo sosai. Amma da 'ya'yan sun kai girman babban yatsa sai su yi rawaya su ruɓe. Ga ruwa, ga taki. Ashe ƙudan zuma ne ba sa shigowa, barbara ba ta samuwa.

Da sassafe, kafin furanni su rufe, sai in tsinko namijin fure, mai siririn kara, in zare ganyensa, in goga garin da ke cikin furen a tsakiyar macen, wadda ke da ɗan ƙullutu a gindinta. Namiji ɗaya yana isar mata biyu.

Yanzu suna kamawa. Ba na tsinka sai ɓawon ya gagari farce.